Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa: A Fara Koyar Da Tsara Wurin Taro Da Dandamali

Zuwa ga Shugaban Jami'a da Majalisar Dattawa,
Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da basira a kan amanar da kuke ɗauke da ita.

Ranku ya daɗe, roƙo ne ya kawo ni. Ina so jami'ar nan ta fara koyar da ilimin tsara wurin taro da dandamali, ta ba shi malamai da ɗakin aiki, ta raine shi har ya zama digiri mai cin gashin kansa. Ni malamin zanen fasaha ne a wata makarantar sakandare a cikin garin nan. Da yake hannuna yana taɓa zane, duk sanda aka tashi bikin yaye ɗalibai, ko walimar sauka, ko musabaƙar unguwa, ni ake turawa in tsaya a kan kafintoci da masu kanofi da masu lasifika. Abin da idona ya gani a wannan tsayuwa shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Fannin da nake magana a kai yana amsa tambayoyin da duk mai shirya taro yake cin karo da su, ko ya sani ko bai sani ba. Ta ina jama'a za su shigo? Me idonsu zai fara sauka a kai? Yaya muryar mai magana za ta isa kunnen na can ƙarshe ba ta dagule ba? Wane haske zai faɗa a fuskar wa? In wani abu ya taso, ta ina mutane za su fice ba a danne yaro ba? Ɗalibin fannin yana koyon zane da awo, yana gina ɗan ƙaramin samfurin wurin da kwali da katako kafin a kafa ƙusa ko ɗaya, yana koyon haske da sauti da sutura da ƙarfin kayan aiki da yadda taron mutane yake motsi. A wasu ƙasashe digiri ne sananne. Tun 1967 ake yin wani babban baje koli a birnin Prague, duk bayan shekara huɗu, inda ƙasashe da ɗaliban jami'o'i suke kai aikinsu na wannan fanni kaɗai.

Amma ba sai mun je Turai neman misali ba. Kabarin mutumin da jami'arku take amsa sunansa yana cikin garin nan, kuma duk wanda ya taɓa shiga ginin, wanda aka buɗe a 1979, ya san ba a kai baƙo kan kabarin kai tsaye. Sai ya bi ta wani dogon lungu mai duhu, ba ya ganin komai sai ɗan hasken da yake tsiyayowa nan da can. Ƙafa da kanta take rage sauri. Na sha raka 'yan makaranta wurin. Suna shiga da surutu da ture-ture, kafin a kai rabin lungun sai ka ji murya ta yi ƙasa, alhali ba wanda ya tsawata musu. Masu yi wa baƙi jagora suna bayanin cewa duhun nan zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuma 'yancin kai. Daga nan sai mutum ya ɓulla wani fili marar rufi, sama a buɗe, bangon da ya kewaye shi an lulluɓe shi da launuka daban-daban, alamar ƙabilun ƙasar nan, ga kabarin Firayim Minista kwance ba wani ado. Wanda ya zana wurin ya sa baƙo ya taka tarihin da ƙafarsa kafin a faɗa masa kalma ɗaya. Ya san inda zai toshe haske da inda zai sake shi, ya san tsawon tafiyar da za ta kwantar da zuciya. Wannan shi ne ilimin da nake roƙo, kuma yana nan tsaye 'yar tafiya kaɗan daga harabarku ta Yelwa.

Kafin wannan ma, kakanninmu sun san abin. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, yana cikin gine-ginen farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin bakan gizon soron nan ya ɗaga kai, zai gane magina ba ɗaki kawai suka rufa ba, sun shirya wa mai sarauta wurin da zai zauna a gan shi, a ji shi. Ko gidan talaka, daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida, tsari ne na wanda zai ga me, da inda idon baƙo zai tsaya. Haka ƙofar fada ranar hawan sallah. Akwai tazarar da doki yake buƙata ya saki gudu kuma ya ja birki a gaban Mai Martaba lokacin jahi, akwai jerin da hakimai suke bi, akwai inda makaɗa suke tsayawa, akwai iyakar da dogarai ba sa bari 'yan kallo su tsallake. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Namu na Bauchi, awonsa da tsarinsa suna cikin kan dogarai da fadawa. Ya kamata a ce akwai ɗaliban da suke zuwa da tef da takarda suna zana shi tun masu shi suna raye.

A jami'o'in Arewa ma an taɓa yin abin. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton yake kafa karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, wani mai zanen gini Ba'amurke da yake koyarwa a can, Steven Ehrlich, ya zana musu dandali na ƙasa da jinka, bukkoki kewaye da fili irin na gidan Bahaushe. Magina na gargajiya suka ɗora shi. Daga wannan dandali aka yaye malamai da yawa da suka bazu a ƙasar nan. Sai kuma Demas Nwoko, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya wuce Faransa ya koyi tsara dandamali, ya dawo ya koyar a makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan, daga baya ya koma zana gine-gine. A 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta aikin rayuwa a baje kolin gine-gine na birnin Venice. Hanyar da ya bi, daga zane zuwa dandamali zuwa gini, ita ce nake so a share wa yaranmu a nan gida.

Yanzu bari in faɗi abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗakunan taro sun yi yawa a garin nan, kuma an kashe musu kuɗi. Ƙasa tayil, bango siminti mai santsi, tagogi gilas, sama silin mai ƙyalli. Ido ya ƙoshi, kunne ya sha wuya. Na tsaya a wani irin wannan zaure ranar wata musabaƙa, aka kira wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba. Na san malaminta, na san watannin da ya yi yana gyara mata maddi da gunna. Ta zauna, ta gyara hijabi, ta yi basmala. Mu da muke kusa da alƙalai mun ji karatu mai daɗi. Mahaifinta yana layin baya, ya karkata kai, ya sa tafin hannu a bayan kunne. Abin da yake isa gare shi gunji ne kawai, harafi yana hawa kan harafi. Mai lasifika ya ga mutane suna miƙa wuya, sai ya ƙara murɗa sauti, abin ya ƙara dagulewa. Da aka tashi, dattijon ya tambaye ni wace sura 'yarsa ta karanta.

Ba laifin mai lasifika ba ne, ba a koya masa ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In ya bugi tayil ko gilas sai ya dawo, ya sake bugun wani bangon ya sake dawowa. A ɗakin da aka yi domin magana, ana so sautin ya mutu cikin kamar daƙiƙa ɗaya. In ya daɗe fiye da haka, kalmar da ta wuce tana nan tana yawo sabuwa ta iske ta. Ƙara ƙarfin lasifika ƙara wa wannan yawo ƙarfi ne. Maganin kuwa ba tsada: labule mai kauri, darduma, tabarmi a bango, katako mai huji-huji, da ƙananan lasifikoki a rarrabe maimakon manya biyu a gaba. Tun 1895 wani malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine, ya fara auna wannan. An ba shi gyaran wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa, ya riƙa kwaso kushin ɗin kujeru daga wani zauren cikin dare yana jerawa, yana auna yadda sauti yake mutuwa da agogo, har ya fitar da lissafin da ake aiki da shi har gobe. Lissafi ne da ɗan aji biyu a jami'arku zai yi a takarda ɗaya. Kuma wannan matsala ba ta tsaya a ɗakin biki ba, tana cikin sababbin masallatai da coci-coci da azuzuwa, inda jin magana shi ne dalilin taruwar.

Haka batun gani. Littattafan waje suna cewa idon mai zama ya haura kan na gabansa da kamar santimita 12. To wannan awo an yi shi ne da kan da ba komai a kansa. Mu a nan layin gaba manya ne da zanna bukar da rawani, ɓangaren mata kuma ga ɗaurin kallabi. Wa zai auna mana namu? Ɗalibin Bauchi ne zai yi, in an ba shi dama, kuma abin da ya samo zai yi wa Arewa duka amfani.

Akwai wanda ya fi waɗannan nauyi. A watan Maris na 2024, cikin azumi, an yi turmutsitsi a wurin rabon zakka a cikin garin nan, mata suka rasa rayukansu. A Disambar shekarar, yara 35 suka rasu a wani taron yara a Ibadan. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Mun yi imani ajali in ya zo ba ya jira, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Masana cunkoso sun daɗe da nuna cewa in mutane suka haura biyar a murabba'in mita ɗaya, mutum ya daina mallakar ƙafarsa, taron ne yake tafiya da shi. Mafi yawan waɗanda suke rasuwa a irin wannan hali numfashi ne yake gagararsu saboda matsewar ƙirji, wasu ma a tsaye. Kuma sau da yawa a bakin ƙofa abin yake faruwa, inda fili mai faɗi ya tsuke. Wanda ya yi karatun da nake magana a kai, kafin ranar taro zai zagaya wurin, ya ƙirga mutum nawa filin zai ɗauka, ya raba ƙofar shiga da ta fita, ya ja layuka da shinge, ya ware wa tsofaffi da masu goyo hanyarsu, ya tsara a riƙa sakin mutane rukuni-rukuni, ya ɗora wani a wuri mai tudu yana kallon inda aka fara matsuwa. Masu alherin da suke rabo da zuciya ɗaya suna buƙatar irin wannan mutum, kuma a yau ko sun nema da wuya su samu. Mu kuwa mutanen taro ne: idi, maulidi, tafsirin azumi, jana'izar manya, gangamin siyasa, wasan ƙwallo.

Ga kuma doka. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika. Har yanzu in za a karrama mai keken guragu a taro, sai ƙarti sun ɗaga shi da kekensa sun ɗora a dandamali a gaban jama'a. Ni wannan yana sosa mini rai duk sanda na gani.

Me ya sa ku na nufa da wannan roƙo? Domin kayan haɗin suna hannunku. Tun 1980 aka kafa jami'ar nan domin fasaha. A Tsangayar Fasahar Muhalli kuna da sashen zanen gine-gine, da na gini, da na tsara birane, da na zanen kayan masana'antu inda ake koyon yadi da tukwane da zane-zane. A tsangayar injiniya kuna da masu lantarki da masu inji. Abin da ya rage a zaunar da su a teburi ɗaya. Kuma ƙofa a buɗe take. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da mutanenta. A cikin wannan kashi 30 za a iya fara kwas biyu ko uku ga ɗaliban zanen gini da na zanen masana'antu, ɗaya kan sauti da haske, ɗaya kan tsara taro da lafiyar jama'a, ɗaya kan wuraren taron gargajiya. In an ga amfaninsu sai a nemi izinin digiri.

Ina roƙon kada a fara da katafaren gini. A fara da rumfar aiki a harabarku ta Gubi, inda fili yake da yalwa: zarto, injin walda, keken ɗinki, 'yan fitilu, na'urar haɗa sauti, da tarin kwali da katako. A gefenta ɗalibai su gina ɗan dandalinsu da tubali da azara tare da maginan gari, su ji da kunnensu bambancin bangon ƙasa da na siminti. Wannan bai fi ƙarfin abin da TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, take bayarwa ba. Malaman da ba ku da su, Jos tana nan kusa, tafiyar kamar kilomita 130, ga sashen wasan kwaikwayo na jami'arta, ga Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa. Zariya ma ba za ta hana ku aron gwani ba.

Sai batun waɗanda za a ɗauka, kuma a nan ina magana ne a matsayin malaminsu. Kowace shekara ina samun yaro ko yarinya da hannunsu ya fi nawa. Akwai wadda ta gina mini samfurin zauren makarantarmu da kwalin taliya da tsinken tsintsiya, har da matakala da inda rana take shigowa da hantsi, ba wanda ya sa ta. Irin waɗannan sau da yawa ajin adabi suke, ba su da darasin kimiyyar da zanen gini yake nema, sai ƙofa ta rufe. Suna ƙarewa a kwas ɗin da ba sa so, ko su zauna a gida. Ina roƙon in an buɗe fannin a duba aikin hannun mai nema tare da sakamakon JAMB, a cike masa giɓin lissafi da kimiyya a shekarar farko.

Kada kuma a manta da waɗanda suke riƙe da sana'ar yanzu. Kafintan da yake haɗa dandamali, mai waldan da yake ƙera ƙafafunsa, mai wayarin, telan labule, da matan da suke ƙawata wurin kamu da walima, waɗanda wasunsu da wannan sana'a suke ciyar da gida. Suna da sanin da ba ya cikin littafi, sun kuma rasa wanda yake cikin littafi. Na ga kafinta gwani da zai haɗa maka dandamali cikin yini guda, amma bai san nauyin da falankinsa zai ɗauka ba in mutum talatin suka hau ɗaukar hoto lokaci ɗaya. A buɗe musu gajeren kwas na 'yan makonni da Hausa, a ba su takardar shaida, a kuma gayyaci ƙwararrun cikinsu su koya wa ɗalibai. Kowa zai ƙaru.

Na san abin da wasu iyaye za su ce da sun ji kalmar dandamali: rawa da waƙa za a koya wa 'ya'yansu. Ba na raina wannan damuwa. Mun ga yadda shirin gina ƙauyen fim a Kano ya rushe a 2016 bayan malamai da jama'a sun nuna rashin amincewa. Darasin da na ɗauka shi ne a je wa mutane da bayani tun kafin a yanke shawara. A gayyaci malaman addini da masarauta a nuna musu manhajar. A nuna musu cewa wanda zai gyara sautin masallaci, da wanda zai tsara filin idi, da wanda zai kafa samfurin Ka'aba domin bitar maniyyata, duk daga wannan aji za su fito. Ba kuma zan ɓoye ba, wasu za su yi aiki a fim da wasan kwaikwayo da ɗakunan shirye-shiryen talabijin, kuma ina ganin alheri ne a samu masu tarbiyya da ilimi a can. Wasan kwaikwayon rediyo da talabijin ya wayar da kan mutanenmu a kan rigakafi da awon ciki da karatun 'ya'ya mata fiye da lacca da yawa.

Aikin yi kuwa yana nan. Duk babban biki ko taron gwamnati da aka yi a garin nan, ku tambayi daga ina aka ɗauko masu dandamali da fitilu, za ku ji ana ambaton Abuja da Jos da Kano. Ga gidajen tarihi da suke buƙatar mai tsara yadda za a baje kaya, ga baje kolin kasuwanci, ga Yankari da baƙinta.

Abin da nake nema a wannan zangon karatu abu biyu ne. Na farko, Majalisa ta kafa ɗan ƙaramin kwamiti daga sassan da na ambata, ya zauna da masu sana'ar, ya kawo muku daftarin kwasa-kwasan. Na biyu, ku ba ɗaliban zanen gini da na zanen masana'antu da na lantarki bikin yaye ɗalibai mai zuwa ya zama aikinsu na gwaji, ƙarƙashin kulawar malamansu. Su kawo muku zanen filin, da samfurinsa, da lissafin mutum nawa zai ɗauka, da inda iyayen da suka taso daga Azare da Misau da Ningi za su zauna a inuwa su ga 'ya'yansu, da hanyar mai keke har kan dandamali, da yawan mintocin da za a ɗauka kafin kowa ya fice. Bayan biki a auna abin da ya yi da wanda bai yi ba, a rubuta. In kwamitin yana son ganawa da kafintoci da masu lasifika da masu ƙawata wuri, ni zan tattaro su in kawo su Yelwa duk ranar da kuka sa.

Allah ya yi muku jagora, ya ɗaukaka jami'ar nan.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin zanen fasaha,
Bauchi.